Amsa ga 'yar'uwa mai jinyar mijinta

Yaya, sannu da ɗawainiya. Kin ce shekara biyu ke nan maigidanki na fama da taɓin hankali, ba kya barci, ga yara ga gona, har kin fara jin haushinsa, kina tambaya ko zunubi ne.

Gajiya ce, Yaya. Ni ma na riƙe ƙanena a ƙauyenmu ta wajen Ɓaɓura, na san wannan nauyin. Abin da ya taimake ni shi ne na daina ɓoyewa. Na tara dangi, muka raba kwana: wannan ya kwana da shi, wancan ya kai shi asibiti. Ki sa babban wansa ko mai unguwa ya kira zaman, bakinsu ya fi kaifi.

Ku kai shi asibitin masu taɓin hankali na Kazaure ko na Dawanau. Kada a bar maganin don ya samu sauƙi, nan ciwon ke dawowa. Addu'a da magani tare suke tafiya. Mari da sarƙa kuwa, don Allah a'a.

Ranar kasuwa ki fita, ko gidanku ki je ki yi barci. In kin ga likita, ki faɗa masa halin da ke kanki kike ciki.