Ga sojan da ke riƙe da sito a Jamus: ka fito cikin jama'a, ka tsare sa hannunka

Wani matashi ɗan Najeriya ya rubuto daga Jamus. Ya shiga rundunar sojan ƙasa ta Amurka da katin zama na dindindin, wato girin kad, aka koya masa aikin sito a jihar Virginia, sannan aka turo shi yankin Kaiserslautern. Ya ce rayuwarsa daga sito sai ɗaki, domin tarukan abokan aikinsa ba sa rabuwa da giya da naman alade. Wani ɗan'uwansa da ke zaune a Jamus ya matsa masa ya riƙa sayo masa kaya a kantin bariki, 'yan gida kuma gani suke tunda sito na hannunsa, takalmi da jaka da rigar sanyi ba za su gagara ba. Yana da mata a gida, kuma bai nemi takardar zama ɗan ƙasa ba tukuna. Yana so ya san ta inda zai kamo zaren.

Ƙanena, sannu da aiki, Allah ya tsare ka. Bari in fara da takarda, don ita ce ba ta son jira.

Farar hula mai girin kad yawanci sai ya shekara 5 kafin ya nemi zama ɗan ƙasa. Kai ba haka ba ne. Sashe na 329 na dokar shige da fice ya ba wanda ya yi aikin soja a lokacin da aka ayyana na yaƙi damar nema ba tare da wannan jiran ba, kuma lokacin da aka ayyana ya fara ne daga 11 ga Satumba 2001. Fom biyu ne a gabanka: N-426, wanda rundunarka za ta sa wa hannu ta shaida cewa kana aiki da mutunci, da N-400, wanda shi ne takardar neman. Soja ba ya biyan kuɗin fom ɗin, kuma ana iya yin ganawa da rantsuwa a ƙasar waje. Ka je ofishin lauyoyin soja na barikinku, kyauta suke duba irin wannan. Tsarin mulkin Najeriya na 1999 bai hana wanda yake ɗan ƙasa ta haihuwa riƙe wata ƙasa ba, saboda haka fasfonka na gida yana nan. Amfanin ga iyalinka babba ne: matar mai girin kad tana cikin rukunin da ake ƙayyade yawan bizarsa duk shekara, matar ɗan ƙasa kuwa ba ta cikin wannan layin. Dokokin biza suna yawan sauyawa, don haka kafin ka tura fom I-130, wato takardar nema wa iyali izinin zuwa Amurka, domin ita, ka zauna da lauyan ya gaya maka halin da ake ciki a ranar.

Akwai sharaɗi guda da nake so ka riƙe da kyau. Wanda ya samu zama ɗan ƙasa ta hanyar soja, in aka sallame shi ba da mutunci ba kafin ya cika shekara 5 yana aiki mai tsabta, ana iya ƙwace takardar. Nan ne maganar sito ta haɗu da maganar takarda.

Ka fi ni sanin yadda ranarka take. Ƙarfe shida da rabi kuna filin motsa jiki, ƙarfe tara ka buɗe sito, ka zauna gaban kwamfuta kana daidaita abin da ke rubuce da abin da ke kan kanta. Duk wata ana ƙirga kaya masu haɗari, bindigogi da na'urorin gani da dare da rediyo, lamba bayan lamba. Ranar da za a sauya kwamandan kamfani kuwa, sai a shimfiɗa komai a ƙasa, har sifana da igiyar tanti, sabon kyaftin yana bi da takarda a hannu yana dubawa. A irin wannan ranar ake gane wanda ya yi sakaci wata shida da suka wuce. Wani sajan zai shigo da gaggawa ya ce ka ba shi janareta, anjima zai dawo ya sa hannu. Kada ka yarda, ko da ya girme ka a muƙami. Ka ɗauko fom 2062, wato takardar shaidar karɓar kaya, cikin ladabi, ya sa hannu, sannan kaya su fita. In abu ya ɓata, bincike sunan da ke kan takarda yake bi, kuma ana iya yanke wa mai sakaci har albashin wata guda. Sayar da kayan soja ko kyautar da su laifi ne a ƙarƙashin sashe na 108 na dokar ladabtar da sojoji. Ka gaya wa 'yan gida gaskiya ƙarara: kayan nan ajiya ce aka ba ka, ko safa ɗaya ba taka ba ce. Mai son takalmi ka saya masa da albashinka in kana da hali.

Ɗan'uwanka na Jamus ma haka. Kayan kantin bariki ba su da harajin Jamus, wanda a kasuwar gari yake kai kashi 19 cikin 100, kuma an yafe shi ne ga sojoji da iyalansu kaɗai a ƙarƙashin yarjejeniyar zaman dakarun ƙawance. Kofi da taba da giya ma da kati ake sayensu, an ƙayyade wa kowa. Fitar da irin waɗannan kaya ga wanda ba shi da izini fasa-ƙwauri ne a idon kwastan na Jamus da na soja. Gidan wayan soja ma ba a yarda a yi kasuwanci da shi ba. Na san nauyin ce wa ɗan'uwa a'a a ƙasar da ba ku da kowa sai juna. Ka kai masa ziyara, ka ci abinci da shi, ka taimaka masa da abin da ke aljihunka in ya shiga matsi, amma wannan ƙofar ka rufe ta tun yau.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a wasiƙarka, wato zaman ɗaki. Ƙanena, wannan zaman yana cin mutum a hankali, musamman a hunturun Jamus da rana ke faɗuwa tun wajen ƙarfe huɗu da rabi. Kuma yana cutar da aikinka. Mai sito da mutane yake aiki: sajan na sufuri, makanikai, masu dafa abinci, magatakardan bataliya. Wanda ya san ka a filin ƙwallo shi ne zai kira ka da daddare ya ce ya ga akwatin da kake nema a bayan wata mota. Manyanka kuma, ranar da za a yi maganar ƙarin girma, fuskar da suka saba gani suke tunawa.

Ba duk taro ne na shaye-shaye ba. Akwai shirin BOSS, wanda rundunar ta kafa a 1989 domin sojoji marasa iyali a tare da su, kuma irinka da matarsa ke nesa yana ciki. Suna shirya tafiye-tafiye masu rahusa a dogon hutun ƙarshen mako, da aikin sa kai, kuma ta bakinsu ake kai kukan gyaran ɗakunan kwana. Cibiyoyin USO, ƙungiyar da ke kula da walwalar sojoji, suna da wurin zama da shayi da wasanni, ba a sha a ciki. Ana gasar ƙwallo tsakanin kamfanoni, kuma Amurkawa da yawa ba su iya ƙwallon ƙafa irin namu ba, za su yi murna da samunka. Daga Kaiserslautern jirgin ƙasa zai kai ka Heidelberg ko Trier ka dawo a yini guda, Faris ma ba ta kai awa 3 ba.

Ranar wasanni ta rundunarku, da ake gashi a fili kowa ya kawo abin da ya dafa, ka je. Ka sayi nama a shagon Turkawa, ka zo da faranti ko takardar gashi taka daban, ka yi girki mai yawa ka ajiye a tebur. Za a tambaye ka me ya sa ba ka cin wancan, ka amsa da fara'a a jimla biyu. Liyafar shekara ta bataliya da tarukan tarbar sababbi da ban kwana da masu tafiya su ne giya ta fi yawa. Shawarata ita ce ka zo da wuri, ka gaisa da manya, ka zauna har a gama jawabai, ka tashi kafin wurin ya rikice. Ba wanda ke da ikon tilasta maka sha, kuma za ka tarar ba kai kaɗai ne mai riƙe da kofin lemo ba.

Maganar ibada, ka nemi jami'in addini na bataliyarku ko da Kirista ne, don aikinsa ya haɗa da samar wa kowane soja hanyar yin addininsa. Rundunar tana da limamai Musulmi tun 1993, lokacin da aka naɗa Abdul-Rasheed Muhammad, kuma jami'in naku zai iya haɗa ka da mafi kusa. Ta hannunsa za ka nemi izinin fita Juma'a da sassaucin motsa jiki a watan azumi. Ka nema tun da sauran lokaci, a rubuce. Akwai kuma abincin fagen daga na halal a cikin jerin kayan rundunar, amma sai an yi odarsa kafin fita atisaye. Wa ya fi mai sito sanin hanyar? Ka tambayi ko akwai wasu Musulmi a kamfanin, ka haɗa da su.

Sauran kuma na gida ne. Kana tara hutun kwana biyu da rabi duk wata, kwana 30 a shekara, amma zuwa Najeriya sai da amincewar kwamanda da bayanin jami'in tsaro, kuma yakan ɗauki lokaci, don haka kada ka sayi tikiti kafin izini ya fito. Kuɗin da kake turawa ka bi hanyar da ke ba da rasit, ka adana, domin za a iya tambayarka a binciken tsaro. Ka tabbatar an shigar da matarka cikin rajistar DEERS, wato rajistar sojoji da iyalansu, don daga nan haƙƙoƙinta suke farawa. Inshorar rai ta soja tana kai dala 500,000, kuma wanda ka rubuta sunansa shi za a ba, don haka ka yi shawara da malami kan rabon gado kafin ka cike, lauyan soja kuma ya rubuta maka wasiyya. Ka kuma ba matarka da wani babba a gidanku cikakken sunanka na aiki, muƙaminka da sunan rundunarka. In rashin lafiya mai tsanani ko rasuwa ta faru, Allah ya kiyaye, ƙungiyar Red Cross ta Amurka ce ke tabbatar da saƙon ta isar wa kwamandanka, kuma da shi ake duba ba ka hutun gaggawa.