Katangar bulo za ta iya tare harsashin ƙaramar bindiga?

Tambaya: Ina zaune a Tudun Wada, Zariya. Mun yi gardama a majalisa, wani ya ce harsashin fistol, wato ƙaramar bindigar hannu, mai kauri shi ya fi huda bango, wani ya ce siriri. Abin da ya dame ni shi ne ɗakin yarana yana bakin titi, kuma ginin bulo ne mai inci shida. Idan aka yi harbi a waje, bangon nan zai kare su?

Amsa: Malam, wanda ya ce siriri ya fi kusa da gaskiya. Ido yana ruɗin mutum a nan. Abin da ke huda abu mai tauri shi ne gudu da ƙanƙantar baki da taurin harsashin kansa. Ka dubi ƙusa da turmi: turmi ya fi nauyi nesa ba kusa ba, amma ƙusa ce ke shiga katako.

Ɗauki harsashin .45 da John Browning ya ƙera a Amurka, wanda ya yi suna da bindigar Colt ta 1911. Nauyinsa kusan giram 15 ne, kaurinsa ya haura milimita 11, amma gudunsa bai wuce mita 260 a daƙiƙa ba. Na milimita 9, wanda Georg Luger ya fito da shi a Jamus a 1902, nauyinsa kusan rabin wancan ne, giram 8, yana kuma gudun mita 350 zuwa 380. Ƙarfin dukansu kusan ɗaya ne, sai dai na milimita 9 yana tattara nasa a ƙaramin wuri, don haka ya fi shiga ƙarfe da siminti. Na Tokarev, milimita 7.62, ƙirar Tarayyar Sobiyet ta 1930, ya fi su sirantaka, gudunsa ya haura mita 400, kuma a huda ya sha gabansu duka biyun. Ƙananan harsasai irin .22 da .380 ba su da ƙarfin a zo a gani a gaban bulo. Dalilin da gudu ya fi nauyi tasiri shi ne idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin duka yana ninka sau huɗu, nauyi kuwa sau biyu kawai yake ƙarawa. Harsashin dalma zalla yakan baje idan ya daki siminti, mai rigar jan ƙarfe ya fi riƙe siffarsa.

Amma ni a wurina bangon ya fi harsashin muhimmanci. Bulon da muke gini da shi rami ne a ciki. Ka fasa ɗaya ka gani: inci shida a suna, amma naman simintin fata biyu ce, kowace ba ta fi kaurin yatsu biyu ba. In an buga shi da siminti isasshe, an ba shi ruwa, an yi filasta ciki da waje, sau da yawa harsashin fistol yana fasa fatar farko ya mutu a ta biyu. In kuwa irin bulon nan ne da ake matse siminti, wanda kake murza gefensa da yatsa yashi na zuba, to kada ka dogara da shi. Kuma ko mai kyau ne, harbi biyu ko uku a wuri ɗaya suna farfasa shi.

Abin da zai ba ka mamaki, tsofaffin gidajen ƙasa na cikin birni, irin na Kwarbai da kewayen fada, waɗanda aka gina da tubali, gindin bangonsu ya kai kamu guda ko fiye, sun fi bulo mai rami kariya. Ƙasa ba ta tsagewa kamar siminti, shanye ƙarfin harsashin take yi. Hikimar buhun yashi da sojoji ke jerawa ke nan. Jan bulo mara rami da kankare mai rodi su ma suna tare harsashin fistol, sai dai yakan goge su ya karkata, tsakuwa ta yi tsalle.

Inda haɗarin yake shi ne taga da ƙofa da rufi. Gilashi, ƙofar katako, ƙofar ƙarfe mara kauri, kwano da silin, duk harsashin milimita 9 yana ratsa su. Wanda aka harba sama ma yakan huda kwano in ya dawo.

Kada kuma ka auna babbar bindiga da wannan ma'auni. Harsashin AK-47 yana gudun sama da mita 700, ƙarfinsa ya ninka na milimita 9 kusan sau huɗu, bulo mai rami ba ya tsayar da shi.

Don haka in da hali, ka mayar da yaran ɗakin ciki, a samu bango biyu tsakaninsu da titi. In babu, a janye gado daga saitin taga. Idan za ka taɓa ginin, ka sa magini ya cika ramukan bulon bangon titi da kankare har tsayin taga. Ka kuma koya musu cewa da sun ji ƙara su kwanta a ƙasa, kada kowa ya leƙa.