Kafin injin yanka, nemi cokali mai haƙora

Ɗana, jiya da muka tashi aiki ka tambaye ni, "Maigida, ina so in sa wa ɗakina tayil da hannuna, ga shi kuɗina ba yawa. In fara da sayen injin yanka ne?" Na ce ka bari sai na zauna, to ga amsar.

A'a. Injin yanka ana aronsa, ana hayarsa, yanka kuma sai an iso gefen bango. Abin da ba zai bar hannunka ba daga tayil na farko har na ƙarshe shi ne cokali mai haƙora. Cokalin magina mai santsi ba ya yin aikinsa. Haƙoran nan su ne suke auna maka yawan gam ɗin manna tayil, su bar shi layi-layi kamar kunya a gona, da ka danna tayil sai layukan su kwanta su cike ƙarƙashinsa. Ƙaramin tayil na bango haƙora masu milimita 6 sun ishe shi. Na ƙasa mai santimita 60 kowane gefe yana son milimita 10 zuwa 12, kuma ka shafa wa bayansa gam sirara kafin ka ɗora. Ka ja layukan su miƙe su fuskanci gefe guda, kada ka yi ta murɗa su, don iska ta sami hanyar fita.

Ka tuna tayil ɗin da na sa ka ɗaga a aikinmu na wancan makon? Da ka juya shi, dunƙulen siminti biyar ne kawai a bayansa, huɗu a kusurwa, ɗaya a tsakiya, sauran duk fayau. Shi ya sa da na ƙwanƙwasa shi da ƙotar guduma ya amsa kamar ganga, shi ya sa kuma ƙafar gado ta fasa shi. Raina yana ɓaci in na ga irin wannan aiki, domin mai gida ya biya kuɗin tayil mai kyau, aka cuce shi a inda ba ya gani. Kai ma in ka sa uku ko huɗu, ɗaga ɗaya ka duba. A ɗaki gam ya kama aƙalla kashi 80 cikin 100 na bayansa, a banɗaki kuwa kusan duka.

Shi gam ɗin, karanta buhunsa. Tayil ɗin fosilin kusan ba ya shan ruwa, bai kai rabin kashi ɗaya cikin 100 ba, saboda haka siminti zalla ba ya riƙe shi yadda ya kamata, sai gam da aka yi dominsa. Ruwa za ka fara zubawa a bokiti, sannan garin. Ka kwaɓa, ka bar shi ya huta kamar minti 5, ka sake juyawa. Kada ka shafa fiye da abin da za ka rufe cikin minti 20. In ka taɓa shi bai kama yatsanka ba, ya yi fata, kankare shi. Wanda ya fara sandarewa a bokiti kuma ba a farfaɗo da shi da ruwa.

Sai kayan awo: tef, igiya, fensir, da lebul dogo. Ɗora miƙaƙƙen ƙarfe mai mita 2 a ƙasa tun kafin ka buɗe kwali. In ramin da ke ƙarƙashinsa ya wuce milimita 3, gyara ƙasan tukuna, gam ba na cike rami ba ne. Bango kuwa kada ka yarda da shi, sau da yawa a karkace yake. Ja layuka biyu da suka gitta juna a tsakiyar ɗaki, daga mahaɗarsu ka auna santimita 90 a kan layi guda, 120 a kan ɗayan, in tsakaninsu ya ba ka 150 kusurwarka ta tsaya daidai.

Gudumar roba, soso, bokiti biyu, da 'yan robobin nan masu siffar kuros da ake sawa tsakani, na milimita 2 ko 3, duk ba su da tsada. Tayil ka ƙara kashi 10 cikin 100 a kan awonka, 15 in a karkace za ka jera, kuma lambar da ke jikin kwalayen ta zama ɗaya, in ba haka ba launin zai saɓa. Garin cike tsakani sai bayan awa 24. Ka bar 'yar tazara tsakanin tayil da bango, domin yana motsi da zafi da sanyi.

Ranar da za ka karɓi giranda, ƙaramin injin yanka na hannu, don yankan zagaye bututu, ba zan ba ka ita ba sai na ga tabarau a idonka da takunkumi a hancinka. Ƙurar yankan tana ɗauke da silika, sinadarin da ke cikin yashi da dutse, in ta shiga huhu ba ta fita. Zo da awon ɗakin gobe mu lissafa kwalayen tare.