Idan zuciyar dattijo ta tsaya, ana iya farfaɗo da shi?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Kin tambaya ko mai shekara 78 zai iya tashi idan zuciyarsa ta tsaya aka danna masa ƙirji, ko kuwa sai matasa. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na daɗe a sashen gaggawa.

Shekaru suna da tasiri, ba zan ɓoye miki ba. Wani bincike a Sweden kan tsofaffin da abin ya same su a wajen asibiti ya nuna cikin 'yan 70 zuwa 79 kusan kashi 7 cikin 100 ne suka kai wata guda da rai, 'yan 80 zuwa 89 kashi 4, waɗanda suka kai 90 kuwa kashi 2.

Amma ni ba shekarun nake fara tambaya ba. Baba da ƙafarsa yake zuwa masallaci? Shi ke wanka da kansa? Ƙodarsa lafiya? Tsohon da ke da sauran ƙarfi yakan fi ɗan 55 da ciwon suga da na ƙoda suka kwantar. Sai kuma yanayin tsayawar. In zuciyar karkarwa take yi, na'urar lantarki na iya daidaita ta. In ta yi tsit, abin ya fi wuya, kuma tsofaffi sun fi zuwa mana a haka.

Abin da ya fi komai shi ne mintuna, domin ƙwaƙwalwa na fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6. Christian Eriksen, ɗan ƙwallon Denmark, ya faɗi ana tsakiyar wasa a 2021, nan take aka danna masa ƙirji aka sa masa na'urar, har ya koma ƙwallo. Samuel Okwaraji, ɗan ƙwallon Najeriya mai shekara 25, ya faɗi a filin wasa na Legas a 1989 bai tashi ba. Ƙuruciya kaɗai ba ta isa.

Wallahi abin da ke sosa min rai shi ne a kawo mana mutum a adaidaita, riga jiƙe sharkaf da ruwan da aka yayyafa masa, amma ba wanda ya taɓa ƙirjinsa. In Baba ya faɗi, ba ya amsawa, ba ya numfashi, ku kwantar da shi rigingine a ƙasa, ba kan katifa ba. Ku danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, wani ya nemo taimako. Haƙarƙarin tsoho yakan karye, na sha jin ƙas a ƙarƙashin tafina. Kar hakan ya sa ku tsaya.

Tun yanzu ku zauna da likitansa, a ji ta bakin Baban, shin yana son a yi masa haka in ta taso.