Ana dashen ƙoda a Kano, me ya sa gudawa ke kashe yara a ƙauye?

Tambaya: Likita, muna jin labarin ana dashen ƙoda a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, amma a ƙauyenmu har yau gudawa da zazzaɓin cizon sauro suna ɗauke mana yara. Ina amfanin wannan ci gaba?

Amsa: Malam, tambayarka tana kan hanya. Maganin cututtukan da ka ambata sananne ne, kuma ba shi da tsada. Ruwan gishiri da sukari tare da ƙwayar zinc suna ceto mafi yawan yaran da gudawa ta kama, zazzaɓin cizon sauro kuwa ana gane shi da ɗigon jini cikin mintuna kaɗan, a sha magani na kwana 3. Matsalar ita ce yadda maganin zai isa ga yaron a daren da jikinsa ya rikice, kuma wannan aikin tsarin kiwon lafiya ne.

A Najeriya an raba tsarin gida uku: ƙananan asibitoci na matakin farko suna hannun ƙananan hukumomi, manyan asibitoci na jihohi ne, yawancin asibitocin koyarwa kuma na gwamnatin tarayya. Manufar ita ce allurar rigakafi da awon ciki da haihuwa da cututtukan yau da kullum su ƙare a asibitin unguwa, abin da ya gagara ne kawai za a tura gaba. Wannan tunani ya samu ƙarfi ne daga taron ƙasashen duniya kan kiwon lafiya a matakin farko da aka yi a birnin Alma-Ata a 1978, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti kuma ya yi ƙoƙarin kafa shi lokacin da yake ministan lafiya daga 1985.

A ganina, babban kuskuren shi ne an ɗora aikin da ya fi kowanne nauyi a kan matakin gwamnati mafi ƙarancin kuɗi da ma'aikata. Idan uwa ta je asibitin ƙauye ta tarar ba ungozoma, ba magani, ba wuta, gobe kemis za ta nufa, ko ta zauna a gida har ciwon ya ci ƙarfin yaron. Ga kuma kuɗi: fiye da kashi biyu cikin uku na abin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar daga aljihun majinyata yake fita, duk da alkawarin da shugabannin Afirka suka yi a Abuja a 2001 na ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi.

Mun ga abin da tsari ke iya yi a yaƙi da shan inna, inda masu rigakafi suka bi gida-gida da goyon bayan sarakuna da malamai, har aka tabbatar a 2020 cewa asalin ƙwayar cutar ta bar Afirka.

Dokar lafiya ta 2014 ta kafa asusu na musamman domin ƙananan asibitoci. Ku nemi kwamitin ci gaban mazaɓarku ya binciki ko asibitinku yana cikin masu karɓa, nawa ke shigowa, da abin da aka saya da shi.