Amsa ga Baffa kan ruwan da bai zo ba da gargaɗin gobara

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ku yi haƙuri, muryar nan za ta ɗan yi tsawo, rubutu ba zai ɗauke ta ba. Baffa, barka da war haka, na ji saƙonka tun safe. Ga wanda bai saurara ba, Baffa cewa ya yi manhajar wayarsa ta nuna ruwa kashi 40 cikin ɗari kwana uku a jere, ko ɗigo bai gani ba. Shekaranjiya kuma da ba a ce komai ba sai ga yayyafi. Yau kuma masu hasashen yanayi sun fitar da gargaɗin gobara. Ya ce shi dai ya gane mutanen nan canki-canka suke yi, don haka gobe zai cinna wa tarin sharar da ya tara a gona wuta, tunda ƙasa ta jiƙa.

To Baffa, don girman Allah a dakata da wutar nan tukuna. Bari in faɗi dalili.

Maganar kashi 40 ɗin nan mu fara kawar da ita, don ba ta da wuya. Ba cewa suka yi za a yi ruwa ba. Abin da suke nufi, in aka samu kwana goma masu irin wannan yanayin, huɗu daga ciki ruwa zai sauka a inda kake, shida ba zai sauka ba. Wato rashin ruwan ma ya fi rinjaye. In ka lissafa, kwana uku a jere da kashi 40 kuma a tashi fayau, abu ne da zai iya faruwa kusan sau ɗaya cikin biyar. Ba su yi maka ƙarya ba, mu ne idonmu ke tsayawa kan hoton girgijen, ba ma karanta lambar da ke gefensa.

Kuma a gaskiya ruwan bazara irin na tsalle-tsallen nan shi ya fi kowane abu ba su wahala. Manyan kwamfutocin da ke lissafin yanayi, kamar na cibiyar Turai da ke da hedikwata a Redin ta Ingila, yanka duniya suke yi gida-gida kamar dara, kowane gida faɗinsa wajen kilomita 9. Shi kuwa hadari guda ɗaya, faɗinsa ba lalle ya wuce 'yan kilomitoci ba, ya taso ya zubar ya watse cikin awa guda. Kwamfuta za ta iya cewa yau yanayin ya yi daidai da tasowar hadari a yankin, amma ta ce maka a kan gonar wane zai sauke, wannan kam ba ta da shi. Shi ya sa ba sau ɗaya suke yin lissafin ba, sukan maimaita wajen sau 50, kowane da ɗan sauyi kaɗan a farkonsa, sai su duba nawa ne suka ba da ruwa. Irin wannan ne ke haifar da lambar da kake gani a waya.

Amma ga inda nake so a saurare ni da kyau. Hasashen ruwa daban, hasashen gobara daban. Gargaɗin gobara ba a kan girgije aka gina shi ba. Abu uku ake dubawa: zafi, laimar iska, wato yawan danshin da ke cikinta, da ƙarfin iska, sannan a haɗa da yadda ciyawa da itace suka bushe. Su kuwa waɗannan, na kwana ɗaya zuwa uku, ana hasashensu daidai sosai, don abubuwa ne masu faɗi da ke rufe yanki guda gaba ɗaya. Mutumin da ya kuskure maka ruwan Talata, in ya ce maka gobe da azahar laima za ta faɗi, iska za ta tashi, to ka riƙe maganarsa. Kar kuskuren can ya sa ka zubar da wannan.

Mu zo kan yayyafin shekaranjiya. Kun san ina da ɗan ma'aunin ruwan nan a bayan ɗaki, wanda yara ke min dariya a kai. Na duba da safe, milimita 2 ne. Milimita ɗaya ma'anarta lita ɗaya ta ruwa a kan fili mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya. Wato lita biyu ka watsa a filin da bai kai shimfiɗar tabarma ba, ƙasar da ta yi makonni tana shan rana. A rana mai zafi da busasshiyar iska, abin da rana da iska ke iya zuƙewa a yini ɗaya yakan kai milimita 6 ko fiye. To ina lita biyun nan ta tsaya? Na tona da yatsa a gindin katanga, saman ne kawai ya yi duhu, ban kai gaɓar yatsa ta farko ba na tarar da ƙura. Jiya da hantsi na tsinko busasshiyar ciyawa na lanƙwasa, ta lanƙwasu, da sauran laushi. Na koma bayan azahar na tsinko wata a wuri ɗaya, ƙas, ta karye, na murza ta zama gari a tafin hannuna. Wannan gwajin kowa zai iya yi, ba sai da na'ura ba.

Masu kashe gobarar daji suna kasa makamashin wuta gwargwadon kaurinsa. Siraran abubuwa, ciyawa, ganye, tsinke, duk abin da bai kai kaurin fensir ba, cikin kamar awa guda yake bin laimar iskar da ke kewaye da shi. In iska ta bushe, shi ma ya bushe, ko da jiya an yi masa yayyafi. Manyan rassa da gungume kuwa sai sun yi kwanaki ko makonni kafin su sauya, don haka ɗan ruwan nan bai ma shiga cikinsu ba. Ka ga an haɗu ke nan: ƙananan sun riga sun koma yadda suke, manyan dama ba su jiƙa ba. Ƙananan su kama, manyan su riƙe.

Abin da ya sa bazara ta fi muni ma shi ne, ciyawar bara tana nan kwance a mace, sabuwa ba ta fito ta rufe ta ba, itatuwa da yawa ba ganye, rana na dukan ƙasa kai tsaye. Kuma fari kansa yake ciyarwa. Idan ƙasa na da danshi, wani kaso na zafin rana yana tafiya ne wajen busar da ita. In ta bushe, duk zafin sai ya koma dumama iska. Iska kuma duk digiri ɗaya da ta ƙara zafi, tana iya ɗaukar ƙarin tururin ruwa kusan kashi 7 cikin ɗari, wato ƙishinta ya ƙaru, ta ƙara tsotse abin da ya rage. Shi ya sa wani lokaci za ka ga hadari ya haɗu, har ka hango ruwan na saukowa kamar zare daga gindin girgije, amma bai iso ƙasa ba, iskar da ke tsakani ta shanye shi. Irin wannan hadarin ya fi rana tsiya, don abin da yake kawowa shi ne walƙiya da iska mai kaɗawa ta ko'ina, babu ruwan da zai kashe abin da tsawa ta kunna.

Bari in sha ruwa.

Yawwa. A Kanada akwai wata ƙa'ida mai sauƙin riƙewa da ake yawan ambata, 30 sau uku: zafi ya kai digiri 30, laima ta sauka ƙasa da kashi 30, iska ta wuce kilomita 30 a awa. In ukun nan suka haɗu, wuta ba ta jin magana. Suna kuma lura da lokacin da lambar laima ta faɗo ƙasa da lambar zafi. Ba doka ba ce daga sama, wuta na iya ɓarna ko ba a kai nan ba, amma ta isa ta sa mutum ya mayar da ashana aljihu. Abin da ya faru da garin Fort Makmari a lardin Albata ke nan a watan Mayun 2016. Hunturun da ya gabata ya zo da ƙarancin dusar ƙanƙara, ta kuma narke da wuri, bazara ta zo a bushe. Ranar 3 ga wata zafi ya kusa digiri 33, laima ta sauka wajen kashi 12, iska ta tashi, wutar da ta fara a daji kwana biyu kafin nan ta shigo gari. Mutum kusan 88,000 suka bar gidajensu, gine-gine wajen 2,400 suka ƙone. Ƙasa ce mai sanyi fa, mai jiragen kashe gobara. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, kun san sauran.

To a aikace me za a duba? Baffa, ka ba ɗaya daga cikin yaran wayar, ya bar shafin farko mai hoton rana da girgije, ya shiga inda aka jera awa-awa. Ya nemi laima tsakanin ƙarfe 2 zuwa 4 na rana, lokacin ne take kaiwa ƙarshen faɗuwa. Ta safe yaudara ce, da asuba za ka iya ganin kashi 70, har da raɓa, mutum ya ce lafiya lau, ya kunna wuta ƙarfe goma, kafin azahar yanayin ya juye masa. Sannan ya duba iska, ba matsakaicin gudunta kaɗai ba, akwai lamba ta biyu ta bugun da take yi lokaci-lokaci, ita ce ke ɗaukar tartsatsi ta tsallake da shi hanya. Ya kuma duba ko an ce iskar za ta sauya alƙibla. Wannan na ƙarshen shi ke cin mutane. Wuta tana tafiya da ɗan siririn kai da dogon gefe, kana tsaye a gefen kana ganin ka tsira, iska ta juya, duk tsawon gefen nan ya zama kai, ya nufo ka. Gonarka kuma ta gefen tudu ce, wuta kuwa hawa take so, duk ƙarin digiri 10 na hawan tudu gudunta kusan ninkawa yake yi.

Wani ya tambaya a ƙasa, ina jin ƙanwata ce, wai manhajarta ta nuna ruwa mai yawa nan da kwana goma sha biyu, ko a sa rai. A sa rai da rahamar Allah kullum, amma kar a yi shiri a kan wannan lambar. Hasashen kwana biyar yana da ƙarfi, na mako guda da dama-dama, daga kwana goma kusan rabi da rabi ne. Gobe ki sake dubawa ki gani, ruwan nan zai matsa gaba ko ya ɓace.

Ni a ganina Baffa, sharar nan ba gudu za ta yi ba. A bari sai an samu ruwan da in ka tona ƙasa za ka ga danshi ya kai tsawon tafin hannu, an kuma janye gargaɗin. Ranar da za a ƙona, a zaɓi yammacin da iska ta kwanta, a share fili kewaye da tarin har a ga ƙasa tsirara, a ajiye ruwa da shebur, kuma kada mutum ɗaya ya tsaya shi kaɗai. In an gama a tona tokar a zuba ruwa a juya, don kututture na iya riƙe garwashi a ciki kwana da kwanaki ba ka ga hayaƙi ba, sai ranar da iska ta tashi. In ka sa ranar ka faɗa min, ni da yaran za mu zo mu kama maka.

Gobe bayan azahar in sha Allahu zan ɗauki hoton lambobin laima da iska in turo nan, wanda ke kusa da ciyawa shi ma ya gwada karyawar nan ya faɗa mana abin da ya gani. A gaida su Inna. Sai an jima.