Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Labarin Dare Ba Ya Cikin Jaridar Safe?

Tambaya: Malam, da hantsi nake sayen jarida a Ƙofar Soro, amma abin da ya faru cikin dare ba na ganinsa. Ina dalili? Daga mai karatu, Katsina.

Amsa: Ɗan'uwa, ai jaridar hannunka tun jiya aka kammala ta. Da rana wakilai suke turo rahotanni, da yamma editoci su zauna su zaɓi na shafin farko. Sai gyara da datsewa, kowane labari ya shiga gurbinsa. Talla kam ba a taɓa mata wuri, ita ke biyan albashi.

Da daddare ake rufe shafuka, a tura maɗaba'a ta intanet, a fitar da kowanne a kan farantin alminiyam. Shafi mai launi faranti huɗu yake ci: shuɗi, ja, rawaya da baƙi. In ka ga fuskar gwamna ta rabu biyu a hoto, farantan ne ba su hau daidai ba.

Kafin asuba an ɗaure an loda, mota ta taso daga Kano, ta bi Bichi da Kankiya. Abin da ya ɓulla ƙarfe biyun dare kuwa sai dai shafinsu na intanet, ko ka jira bugun gobe.